Zauren Tambaya da Amsa: Ɗana ya ce shi libaral ne

Wasiƙun da suka iso mini bayan ƙaramar salla kusan duk a kan magana ɗaya suke: tafsiri, da wanda ke da ikon yin sa, da wannan suna na libaral da ake jifan juna da shi a Facebook da majalisun shayi. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari. Ɗana yana aji uku a jami'a a Samaru. Da azumin bana muna sauraron tafsiri a rediyo bayan buɗa-baki, sai ya ce malamin ra'ayinsa yake faɗa, ba lalle ne abin da ayar ke nufi ke nan ba. Na tsawata masa, sai ya ce mini shi Musulmi ne mai sassaucin ra'ayi, wai libaral. Yana salla, ya yi azuminsa cif. Amma yayyensa sun daina cin abinci kwano ɗaya da shi, suna ce masa ɗan boko aƙida. Malam, yaron nan ya fita daga Musulunci ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, ka kira yayyen nan nasa ka ce su mayar da shi kwano yau ɗin nan. Yaron da yake kalmar shahada, yake fuskantar alƙibla sau biyar, ya kai azumi tare da ku, ba a fitar da shi daga Musulunci don wani suna da ya ɗauko a jami'a ya laƙaba wa kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan mutum ya kira ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi fama da irin wannan a zamaninsa. Akwai wasu ɗalibai masu zafin kai da ke tsare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja irin ta malamai sai su ce ya kafirta. Shehu ya yi ta rubuce-rubuce yana yi musu raddi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun bai ma ruɓe ba.

To, abin da ya faɗa game da malamin rediyo fa? Akwai gaskiya a ciki, kuma gara ka ji ta daga bakina. Alƙur'ani maganar Allah ce, ba ɓata a cikinta. Tafsiri kuwa ƙoƙarin ɗan Adam ne na fahimtar wannan magana. Jalalaini ɗin da muke ji ana ja a masallatai duk azumi mutum biyu ne suka rubuta shi a Masar: Jalaluddin Mahalli ya fara daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya rasu bai gama ba, sai ɗalibinsa Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya cika sauran. Idan ka buɗe tafsirin Ɗabari, wanda ya riga su da ƙarnuka, za ka ga a aya ɗaya ya jero maganganun sahabbai da tabi'ai kala-kala, sannan ya ce ga wadda ya fi karkata gare ta da dalilinsa. Malam Abdullahi na Gwandu ma da ya rubuta Diya'ut Ta'awili haka ya yi, ya tattaro daga magabata, ya auna, ya zaɓa. Lokacin da nake ɗaukar karatu a wani zaure a Unguwar Juma, malaminmu kan tsaya a kan aya ya ce, Malikawa ga abin da suka fahimta, Shafi'awa ga nasu, sannan ya ci gaba. Ba wanda ya taɓa tashi ya ce malam ya raina Alƙur'ani.

Ɗauki alwalar da kake yi kullum. Aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ce a shafi kai. Imamu Malik ya ce duk kan za a shafa, shi ya sa mu nan muke kai hannu har ƙeya mu dawo da shi. Abu Hanifa ya ce kashi ɗaya cikin huɗu ya wadatar. Shafi'i ya ce ko ɗan sashe aka shafa an yi. Aya ɗaya, limamai uku, fahimta uku, kuma kowannensu zai bi ɗan'uwansa salla.

Inda ɗanka ya zame shi ne idan yana nufin tunda tafsiri ƙoƙarin mutum ne, to kowane ƙoƙari daidai yake da kowane, nasa da na Malik duk ɗaya. A'a. Aya ta 7 a Ali Imrana ta raba mana ayoyi: akwai bayyanannu, su ne tushen Littafin, akwai kuma masu kama da juna da ke ɗaukar fuska fiye da ɗaya. Wajibcin salla da azumi, haramcin zina da giya da cin dukiyar maraya, waɗannan ba wanda ya taɓa cewa ra'ayin malam ne. Inda ake saɓani ma, ba da son rai ake shiga ba. Sai an san Larabci da nahawunsa, an san dalilin saukar aya, an san wadda ta riga wata, an san abin da Sunna ta ce a kanta.

Yanzu sunan da ya kira kansa. Mutanen da ke fakewa a ƙarƙashinsa ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ne ya sa gardamar ba ta ƙarewa. A Turai aka haifi tunanin, bayan Katolika da Furotesta sun shafe shekaru suna kashe juna, musamman a yaƙin 1618 zuwa 1648 da ya ragargaza ƙasashen Jamus. Masanansu irin su John Locke na Ingila suka ce bai kamata sarki ya tilasta wa mutum abin da zai yi imani da shi ba, kuma shi ma sarki, doka ta hau kansa. Wannan sashe Musulmi ba shi da faɗa da shi. Baƙara aya ta 256 ta ce babu tilastawa a addini tun kafin a haifi kakannin Locke. Cewa a tuhumi mai mulki, a bar talaka ya faɗi ra'ayinsa, a ba mace ilimi da ƙuri'a, wannan mun san shi a nan gida. Malam Aminu Kano malamin tafsiri ne, da ayoyi yake kare haƙƙin talakawa a NEPU. Hajiya Gambo Sawaba a nan Zariya ta sha ɗauri da duka kan neman 'yancin mata, kuma matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a shekarun 1970. A wancan lokacin akwai masu cewa abin da suke nema ya saɓa wa addini. Yau malaman kowane ɓangare suna hawa mumbari suna kiran mata su fito zaɓe.

Akwai kuma wani sashe da ba zan ɓoye maka ba, ina adawa da shi. Shi ne wanda ya mayar da son zuciyar mutum alƙali na ƙarshe. Ayar da ta yi daidai da abin da ake yayi a karɓe ta a yi ta yaɗawa, wadda ta saɓa a ce zamaninta ya wuce. Wannan ba tafsiri ba ne, domin an riga an yanke hukunci kafin a buɗe Littafin.

Bari in ba ka labarin da nake ganin ya fi kowane bayani raba waɗannan biyu. A Tunusiya an yi wani babban malami Bamalike, Shehu Ɗahir Ibn Ashur, wanda ya rasu a 1973. Mutum ne mai son gyara. Ya nemi a sabunta tsarin karatu a jami'ar Zaituna, ya rubuta a kan manufofin Shari'a, ya yi tafsiri babba mai juzu'i talatin. Da a Facebook ɗinmu yake, da tuni an yi masa laƙabi. To, a farkon shekarun 1960 shugaban ƙasarsu Habib Burgiba ya ce azumi yana rage ƙarfin ma'aikata, yana jawo wa tattalin arziki koma-baya, ya nemi mutane su sha azumi, ya kuma so malamai su ba shi fatawa. An ruwaito cewa Ibn Ashur ya shiga gidan rediyo ya karanta ayar da ta wajabta azumi, ya tabbatar da wajibcinsa, ya ƙi ba shugaban abin da yake so. Mutumin da ya fi kowa sanin inda Shari'a take da yalwa, shi ne ya fi kowa sanin inda ba ta motsi.

Saboda haka ka zauna da yaron nan, kai da shi, ba a gaban yayyensa ba. Ka tambaye shi abu ɗaya: idan aya bayyananna ta saɓa wa abin da ransa ke so, me zai yi? Idan ya ce zai bi ayar, ko da yana jin nauyinta, ko da zai ci gaba da neman hikimarta, to ɗanka ɗalibi ne mai tambaya, kuma abin da yake buƙata malami ne mai haƙuri da zai zauna da shi. Idan ya ce zai ajiye ayar, to akwai aiki a gabanka, amma aikin na zama ne da hujja da addu'a, ba na kora ba. Na ga samari da dama da suka yi nisa, kuma mafi yawansu ba littafin Bature ne ya kore su ba. Sun yi tambaya a masallaci ko a gida, aka amsa musu da zagi, sai suka je inda za a saurare su.

Kuma wannan tambayar ka yi wa yayyen ma. Hadisin hana kafirta Musulmi bayyananne ne, ya saɓa wa abin da ransu ke so. Me za su yi da shi?

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce ina karatun lauya a harabar jami'a ta Kongo, Zariya. A wani zaure na WhatsApp na 'yan ajinmu na ce Sayyadina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa, ya kuma hana waɗanda ake lallashin zukatansu kason zakka, don haka hukunci yana iya sauyawa da zamani. Wasu ustazai suka ce ni libaral ce, kuma mace ba ta da ta cewa a irin wannan. Wasu kuma suka goya mini baya har suka ce duk hukunce-hukuncen Madina na wancan zamanin ne kawai. Ni ban yarda da kowane ɓangare ba, amma na kasa bayyana dalilina.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kin yi daidai da kika ƙi bin kowannensu, kuma ga dalilin da kike nema.

Abin da kika faɗa game da Umar sananne ne a littattafanmu. A shekara ta 18 bayan hijira an yi fari da yunwa mai tsanani a Hijaz, Umar bai zartar da haddin sata ba. A Muwaɗɗa ta Malik akwai labarin bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutum, wato raƙuma, suka yanka. Da Umar ya gane ubangidansu yana barin su da yunwa, sai ya juya kan ubangidan, ya ci shi tarar ninki biyu na kuɗin taguwar, dirhami 800 maimakon 400. Amma ki lura, Umar bai ce ayar sata ta tsufa ba. Haddi yana da sharuɗɗa, kuma shubuha tana kawar da shi. Wanda yunwa ta kai shi bango bai cika sharaɗin ba. Da yunwa ta wuce, hukuncin yana nan inda yake.

Haka kason waɗanda ake lallashin zukatansu da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. An ba su ne lokacin da Musulunci ke buƙatar jawo su ko kare sharrinsu. Umar ya ga buƙatar ta kau, sai ya hana. Malamanmu Malikawa irin su Alƙali Ibnul Arabi sun ce duk ranar da buƙatar ta dawo, kason ya dawo. Abin da ya sauya shi ne halin da hukuncin ya rataya a kansa. Malaman usulu suna kiran wannan abin ratayar illa, suna cewa hukunci yana tafiya tare da illarsa, in tana nan yana nan, in ta kau ya kau. Imamu Ƙarafi, Bamalike na Masar da ya rasu a 1285, ya tsananta a kan hukunce-hukuncen da aka gina kan al'ada. Ya ce idan mutum ya zo maka daga wata ƙasa yana neman fatawa, kada ka ɗora shi kan al'adar garinku, ka tambayi tasu, kuma ya ɗauki daskarewa a kan abin da aka tarar a littafi ba tare da duba wannan ba a matsayin ɓata. Duk wanda ya kira ki libaral saboda wannan magana, to ya fara da Ƙarafi.

Tunda lauya kike karantawa, ki nemi hukuncin shari'ar Amina Lawal ki karanta da kanki. Ba nisa da mu aka yi ba. Kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa kan zargin zina a 2002, babbar kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta a Satumbar 2003. Ƙasashen waje sun yi ta hayaniya, amma ba hayaniyar ce aka rubuta a hukuncin ba. Da fiƙihun Malikiyya aka sallame ta: mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, sakakkiyar mace tana iya haihuwa da daɗewa bayan saki a jingina cikin ga tsohon mijinta, ga kuma kurakuran da aka samu a yadda kotun farko ta zauna. Wanda ya zurfafa a littafin ya samo mata mafita a cikinsa. Wannan shari'a ta ƙara mini yaƙinin cewa yawancin tsananin da muke gani ƙarancin karatu ne ke kawo shi.

Su kuma masu goya miki baya, maganar da suke yi ba sabuwa ba ce. Wani ɗan Sudan, Mahmud Muhammad Ɗaha, ya ce saƙon Makka shi ne na har abada, hukunce-hukuncen Madina kuwa an saukar da su ne don mutanen ƙarni na bakwai. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. A Madina aka wajabta azumi da hajji, a can aka tsara zakka da gado, a can aka haramta riba. Ayar da ta ce yau na cika muku addininku a hajjin bankwana ta sauka, a ƙarshen zamanin Madina. Wanda ya ce a ajiye wannan duka, ya ba kansa ikon shafe aya, ikon da ko Umar bai taɓa iƙirarin yana da shi ba. Amma zan ƙara da cewa rataye shi da gwamnatin Numairi ta yi a Janairun 1985, yana dattijo mai shekara 76, zalunci ne da aka yi don siyasa aka lulluɓe da rigar addini. Kuskuren fahimta da hujja ake rushe shi. Igiya ba ta rushe ra'ayinsa ba, ga shi har ya iso zauren WhatsApp ɗinku a Kongo.

Maganar cewa mace ba ta da ta cewa kuwa, ban ga abin tsayawa a kanta ba. Shehu Usmanu ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da 'ya'yan wasu, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta karantar da mata har ƙauyuka ta hannun 'Yan Taru. Ki dage da usulul fiƙhi. A nan harabarku akwai Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci, ki riƙa shiga ɗakin karatunta.

TAMBAYA: Malam, ni mai tuƙa Keke Napep ne daga Tudun Wada. Duk azumi ina kunna tafsiri a waya ina aiki. Wannan malami ya ce kaza, wancan ya ƙaryata shi, gobe a yi raddi, jibi a yi raddin raddi. Wa zan saurara?

AMSA: Ɗana, saɓani bai fara da malamanmu ba. Bayan yaƙin Khandaƙ Annabi ya ce wa sahabbai kada wanda ya yi La'asar sai a Banu Ƙuraiza. Lokaci ya riske su a hanya. Wasu suka ce nufinsa mu yi sauri, suka tsaya suka yi salla. Wasu suka ce ba za mu yi ba sai mun isa. Da aka ba shi labari bai zargi kowane ɓangare ba. Haka kuma an ruwaito cewa halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa dukan daula bin Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ya hana, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da abin da ya iso musu.

Abin da ke damun ka ba saɓanin ba ne, zagin ne. Ka saurari malamin da idan ka kashe wayar za ka iya faɗin abin da ayar ta koya maka. Wanda yake gaya maka a wane littafi ya samo magana. Wanda idan ya kawo ra'ayin abokin saɓaninsa yake kawo shi yadda mai shi zai ce haka na faɗa. Wanda ka taɓa jin ya ce sai na duba. Idan kuwa an ja aya ɗaya aka shafe awa guda ana sukar wani malami ko wani ɗan siyasa, ka sauya tasha, ko malamin na ƙungiyarku ne. Irin waɗannan nagartattu suna nan a Izala, suna nan a ɗariƙu, suna nan a zaurukan cikin birni da ba a ɗaukar su a waya.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Shika. Ban yi zurfi a Larabci ba, amma ina karanta fassarar Alƙur'ani ta Hausa a wayata idan ina aikin dare. Wani abokin aikina ya ce ba na buƙatar kowane malami, wai malamai ne suka mamaye addini, kowa ya karanta ya fahimta da kansa. Wata yayata kuma ta ce karanta fassara ba tare da malami ba haramun ne. Sannan ina da tambaya kan rabon gadon mahaifinmu.

AMSA: Malama, ki ci gaba da karatunki, Allah ya ƙara miki. Maganar yayarki ba ta da tushe. Allah ya zargi waɗanda ba sa tuntuntuni a kan Alƙur'ani a aya ta 24 ta Suratu Muhammad, kuma sau huɗu ya maimaita a Suratul Ƙamar cewa ya sauƙaƙe shi don tunawa. Don irinki Shehu Abubakar Gumi ya yi fassarar Hausa da ta fito a 1979, don irinki Shehu Nasiru Kabara ya yi tasa. Labarin Annabi Yusufu, wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa, ladubban Suratul Hujurati, duk za ki karanta ki amfana, ki yi kuka ma, ba sai da kowa a gefenki ba.

Amma abokin aikinki ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Karanta aya don wa'aztuwa daban, ciro hukunci daga cikinta daban. Ke kin fi ni sanin cewa majinyaci yana iya karanta takardar da ke cikin kwalin magani, kuma yana da kyau ya karanta, amma wannan bai mayar da shi mai rubuta wa wasu magani ba, don bai san abin da zai faru ba idan wannan ƙwaya ta haɗu da waccan. Adiyyu ɗan Hatim Balarabe ne, sahabi ne. Da ayar sahur ta sauka tana maganar farin zare da baƙin zare, sai ya sa igiyoyi biyu a ƙarƙashin matashinsa yana dubawa cikin dare, har Annabi ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Idan Balarabe sahabi ya buƙaci bayani, mai karanta fassara ya fi buƙata.

Mutane suna zaton wannan kira na kowa ya fassara da kansa sassauci kawai yake haifarwa. A ƙasar nan mun ga yana haifar da kishiyarsa. Khawarijawa sun ɗauki ayar da ta ce hukunci na Allah ne kaɗai, suka kafirta Sayyadina Ali da ita, ya ce musu kalmar gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. Maitatsine ya watsar da hadisi da littattafan malamai, Kano ta ga abin da ya biyo baya a Disambar 1980. 'Yan Boko Haram sun ɗauki aya ta 44 a Ma'ida a kan wanda bai yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba, suka tsallake bayanin Ibn Abbas cewa akwai kafircin da bai kai na fita daga addini ba, suka halatta jinin ɗan sanda da malamin makaranta da ɗalibi. Mu mutanen Zariya ba labari aka ba mu ba. A Fabrairun 2014 aka harbe Shaikh Muhammad Auwal Albani tare da matarsa da ɗansa a kan hanyarsu ta komawa gida daga wajen karatu, mutumin da ya daɗe yana yi musu raddi da hujja. Mai ajiye aya don ba ta yi masa daɗi ba da mai kashe mutum da aya ɗaya, dukansu sun yanke ayar daga 'yan'uwanta, daga Sunna, daga fahimtar waɗanda ta sauka a gabansu.

Ba na musun cewa akwai malaman da ke amfani da mumbari don neman abin duniya, kuma fushin abokin aikinki da su yana da dalili. Maganinsu shi ne a nemi nagari.

Ki tanadi ƙaramin littafi a aljihun rigar aikinki. Duk ayar da ta tsaya miki, ki rubuta sura da lambarta da abin da ya ɗaure miki kai. Idan kin samu hutu ki kai wa malama a Islamiyyar matan aure ta unguwarku, ko malamin da kika amince da iliminsa da halinsa, kuma ki roƙe shi ya nuna miki inda ya samo amsar. Ki fara da Hujurati da Luƙman da Nur kafin ki shiga dogayen ayoyin hukunci na Baƙara da Nisa'i.

Maganar gado kuwa ba zan iya amsawa da abin da kika rubuto ba. Ki sake aiko mini da jerin waɗanda mahaifinku ya bari a raye ranar da ya rasu: matansa nawa, 'ya'ya maza nawa, mata nawa, ko iyayensa suna da rai a lokacin, ko akwai bashi a kansa ko wasiyya. In sha Allahu zan fitar miki da lissafin a fitowa ta gaba.